Kuɗin Dashe Akwai, Kuɗin Raino Fa? Sharhi kan Dukiyar Jama'a da Kare Ƙasa da Ruwa

Wanda ya saba bin hanyar Katsina zuwa Daura ta Mashi, ko ya zarce daga Daura ya nufi Zango da Ɓaure, ya san dogayen layukan bishiyoyin bedi da turare da ke tsaye a wasu wurare suna tare iskar da ke kwaso rairayi daga arewa. Da yawa daga cikinsu ragowar dashe ne na shekarun baya, musamman aikin dashen itatuwa na Katsina da Tarayyar Turai ta wancan zamani ta tallafa wa gwamnatin Najeriya a kansa tun daga ƙarshen shekarun 1980. Waɗannan bishiyoyi shaida ce cewa kuɗin gwamnati yana iya zama inuwa. Amma matafiyin da ya buɗe ido zai kuma ga wata shaidar daban, wato filayen da aka taɓa kewayewa da waya aka kafa musu allo, yau wayar ta tsinke, allon ya koɗe, babu abin da ya rage a ciki sai sabara da sawun awaki. Kuɗin jama'a ne aka kashe a wuraren biyu, don haka ya kamata a tambayi abin da ya bambanta su.

Kafin a kai ga amsa, sai an san inda kuɗin yake fitowa, domin mutane da yawa suna jin sunan Asusun Muhalli ne kawai a rediyo duk lokacin da aka yi ambaliya. Wannan asusu shi ne hanya ta farko. An kafa shi a 1981 a cikin dokar rabon arzikin ƙasa, da kashi 1 cikin 100 na abin da ya shiga asusun tarayya, aka kuma ɗaga shi zuwa kashi 2 a 1992. A tsarin rabon da ake bi yanzu, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 1, jihohi 36 suna raba kashi 0.72, ƙananan hukumomi 774 kuma suna raba kashi 0.60. Ma'anar wannan ita ce, duk watan da aka zauna rabon kuɗi a Abuja, akwai wani kaso da ake warewa da sunan muhalli domin Jihar Katsina, akwai kuma wanda ake warewa da sunan ƙananan hukumominta 34, daga Jibiya har Sabuwa. Daga kason tarayya ne doka ta ba hukumar agajin gaggawa ta NEMA kashi 20 cikin 100, wasu hukumomin ma suna da nasu rabon, abin da ya saura shi ne ake yin ayyuka da shi bisa amincewar shugaban ƙasa.

Wannan tukunya guda ce, amma masu miƙo ƙwarya suna da yawa, kuma kowa da gaskiyarsa. Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 850, kuma a garin Ayetoro na Jihar Ondo teku ta riga ta cinye gidaje da makarantu, duk da cewa an bayar da kwangilar gina kariya fiye da sau ɗaya. A Anambra zaizayar ƙasa ta haƙa kwazazzabai a Nanka da Agulu masu zurfin da ke haɗiye gida sukutum. A ƙasar Ogoni, rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ba da shawarar a fara da dala biliyan 1 domin share malalar mai kaɗai. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasar, ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024 kuma ta nutsar da babban ɓangare na Maiduguri. Bakatsine ba ya buƙatar a ba shi labarin irin wannan rana, domin ambaliyar Jibiya ta watan Yuli na 2018 ta tafi da rayuka fiye da 40 a dare ɗaya.

A irin wannan gasa, hamada ce take shan kaye, saboda ba ta da ranar da za a ce yau ta auku. Ambaliya tana da gawa da hoto da ranar ta'aziyya, shi ya sa kuɗi yake fita dominta cikin mako guda, kuma daidai ne ya fita. Gonar da ke Mai'aduwa ko Kaita wadda a da take ba da dami hamsin na gero, yau take ba da talatin, ba ta da hoton da za a nuna wa kowa. Mai ita yana ƙara taki idan ya samu, idan bai samu ba ya tura ɗansa ci-rani. Asusun da aka kafa domin riga-kafi ya koma asusun jaje, kuma da yake babu wata doka mai ƙarfi da ta hana a taɓa shi domin wata buƙata, an sha jin majalisar tarayya da masu binciken kuɗi suna ƙorafin cewa an karkatar da shi zuwa abubuwan da ba su da alaƙa da muhalli. A matakin jiha da ƙaramar hukuma kuwa, kuɗin yakan narke ne a cikin sauran kuɗaɗen wata, ta yadda talaka ba shi da hanyar da zai bi ya ce ga abin da aka karɓa da sunan ƙasarmu, ga kuma abin da aka yi da shi.

Hanya ta biyu ita ce rance. Bankin Duniya ya amince da shirin NEWMAP a 2012 da dala miliyan 500 domin yaƙi da zaizayar ƙasa, daga baya aka ƙara kuɗi, jihohin arewa ciki har da Katsina suka shiga. Da wa'adinsa ya zo ƙarshe, sai aka amince da shirin ACReSAL a watan Disamba na 2021, da dala miliyan 700, domin jihohin arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da kadada miliyan 1 ta ƙasar da ta lalace cikin shekara shida. Waɗannan shirye-shirye suna da abin yabo da bai kamata a raina ba. Suna zuwa da taswira da awo da binciken kuɗi, suna kallon kwarin ruwa gaba ɗayansa daga tudu zuwa fadama, kuma magudanun ruwan da aka gina da irin wannan kuɗi sun ceci unguwanni. Sai dai ya kamata a riƙa faɗa wa jama'a a fili cewa kuɗin bashi ne, ko da mai sauƙin ruwa ne, kuma 'ya'yanmu za su biya shi da dala. Idan aka ci bashi aka dasa bishiya ta mutu, an yi asara biyu. Sannan kowane shiri na da ranar rufewa, ranar da motocin aiki za su koma, ma'aikatan wucin-gadi su watse, a miƙa abin da aka gina ga ma'aikatar da ba a ware mata kuɗin kula da shi ba.

Hanya ta uku ita ce Babbar Katangar Bishiyoyi, wato shirin dasa zirin bishiyoyi domin tare hamada, wadda Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, tsawon kusan kilomita 8,000, da burin farfaɗo da kadada miliyan 100 zuwa 2030. Najeriya ta kafa mata hukuma ta musamman da dokar 2015, Katsina kuma tana cikin jihohi 11 da ke bakin daga. Rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna cewa a cikin yankin da aka shata, abin da aka farfaɗo bai wuce kadada miliyan 4 ba a dukkan ƙasashen. A wani taron ƙasashe kan muhalli da aka yi a Paris a watan Janairu 2021 masu ba da tallafi sun yi alkawarin fiye da dala biliyan 14, amma alkawari daban, kuɗin da ya iso ƙauye daban. Gwamnatin tarayya ta kuma gwada sayar da takardun lamuni na muhalli, na naira biliyan 10.69 a 2017 da na biliyan 15 a 2019, wani ɓangare domin dashen itatuwa.

Idan aka haɗa waɗannan hanyoyi, ba za a ce babu kuɗi ba, ko da yake bai kai girman matsalar ba. Abin da na fi ganin ya yi mana illa shi ne siffar kuɗin. Kasafin gwamnati ya raba kashe kuɗi gida biyu, manyan ayyuka da ayyukan yau da kullum. Sayen dashe dubu ɗari, da waya, da haƙa rijiyar burtsatse, duk manyan ayyuka ne: ana ba da kwangila, a yi biki, a ɗauki hoto, a biya ɗan kwangila, a rufe fayil. Ban ruwa a watan Maris, da albashin mai gadi, da gyaran wayar da shanu suka ture, da maye gurbin dashen da gara ta ci, da man babur ɗin malamin daji, duk ayyukan yau da kullum ne, kuma su ne farkon abin da ake yankewa idan kuɗi ya yi ƙaranci. Ita kuwa bishiya ba ta san wannan rabo ba. A arewacin Katsina, inda ruwan sama yake sauka wata uku zuwa huɗu, ya bar wata takwas na rani da hunturu da bazara, dashe ba ya zama bishiya sai ya tsallake rani biyu ko uku, saiwarsa ta kai ga damshi, tsayinsa ya wuce bakin akuya. Kuɗin yana ƙarewa ne a ranar da aikin gaskiya yake farawa.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda ke da sauƙin faɗi amma take kashe dashe fiye da fari. Dole a fara renon iri a gandun reno tun cikin rani, a kai shi fili da zarar damina ta kankama, wajen watan Yuli, domin ya sha ruwan Agusta. Idan sakin kuɗi ya makara, aka yi dashe a ƙarshen Satumba domin kada shekara ta wuce ba a kashe abin da aka ware ba, to a takarda an cika alkawari, a fili kuwa an binne kuɗi ne a rairayi. Rahoton da ke cewa an dasa bishiya miliyan kaza ba ya gaya mana komai. Adadin da ke da amfani shi ne nawa ne suke raye a watan Mayu na shekara ta uku, kuma shi ne adadin da ba kasafai ake nema ba.

Ruwa ma haka labarinsa yake. An kammala madatsar Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma a 1983, amma aikin tace ruwanta da tura shi zuwa birnin Katsina sai a watan Yuli na 2021 aka ƙaddamar da shi, bayan kusan shekara arba'in. Madatsun Jibiya da Ajiwa da Sabke da Daberam da Mairuwa duk dukiya ce da aka tara da kuɗin jama'a, kuma kowace tana da maƙiyi guda da ba a ganinsa, wato yashi da laka. Duk gonar da ke saman madatsa da aka share bishiyoyinta, duk rafin da aka nome har bakinsa, duk wurin da ake ɗibar yashi ba tsari, yana aika ƙasarsa cikin ruwan a kowace damina, madatsar tana cikewa daga ƙasa, ruwan da take riƙewa yana raguwa. Yashe madatsa aiki ne mai tsada ƙwarai, kuma shi ne ke jan hankali saboda kwangila ce babba. Hana yashin shiga tun daga tudu, ta hanyar jera duwatsu a kan gangara, da dasa gamba da jema a bakin rafi, da barin bishiyoyi a gonaki, ya fi araha nesa ba kusa ba, amma aiki ne na dubban manoma a warwatse, ba shi da ranar yanke kyalle. Ga kuma rarrabuwar iko: manyan madatsu irin Zobe da Jibiya suna ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ta tarayya, ruwan sha na jiha ne, ƙasar da ke kewaye kuma tana hannun manoma da masu gari da ƙaramar hukuma. Kowa na da kasafinsa, babu wanda kasafinsa ya ce shi ne mai alhakin tudun da ke zubo da yashin.

Ba sai mun yi nisa ba kafin mu ga wata hanyar. Daga Jibiya zuwa Maraɗi tafiyar ƙasa da awa biyu ce, daga Daura kuma ana tsallaka Kongolam a nufi Damagaram. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoman waɗannan yankuna, Hausawa irinmu masu noman gero da wake irin namu, sun koma ga abin da ake kira sassaben zamani. Maimakon a tumɓuke duk tohon da ya fito daga tsohon kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Da yake saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa, ba ta buƙatar ban ruwa ko gandun reno. Wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa dabarar a yankin Maraɗi tun daga farkon shekarun 1980, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan kadada miliyan 5 da bishiyoyi kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. Babbar bishiyar wannan aiki ita ce gawo, wanda kowane manomi a nan ya san halinsa: yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, ya yi ganye da rani ya ba dabba inuwa da 'ya'ya.

Abin lura a labarin Nijar shi ne ba yawan kuɗi ne ya kawo shi ba. Abin da ya sauya shi ne manomi ya sami tabbacin cewa bishiyar da ya raina a gonarsa tasa ce, zai sassabe ta ya yi girki, ya sayar da reshe, ba tare da fargabar malamin daji zai ci shi tara ba. Mutum ba ya raino abin da bai tabbata nasa ba ne. A wajenmu, manomin da ke noma gonar aro ko ta haya ko ta jingina ba shi da dalilin barin gawo ya girma, wani lokaci ma mai gonar ba zai so ya dasa ba, domin dashe yana iya zama hujjar mallaka. Mata, waɗanda su ne ke sarrafa kuka da ɗorawa da zogale da tsamiya su mayar da su kuɗi, sau da yawa ba su da ta cewa a kan wace bishiya za a bari. Duk kuɗin da aka zuba ba tare da an warware waɗannan ba, zai tsaya ne a filin gwamnati mai waya, wanda kowa ke kallonsa a matsayin na kowa.

Ba ina cewa gwamnati ta janye ta bar wa manomi ba ne. Akwai abin da manomi ba zai iya ba. Dajin Rugu, wanda a da yake makiyaya da ma'ajiyar itatuwa ga Safana da Batsari da Ɗanmusa, ya zama wurin da ma'aikacin gandun daji ba ya iya shiga saboda 'yan bindiga, kuma babu sassaben da zai gyara wannan. Burtalai da mashayu da makiyayun da dokar 1965 ta Jihar Arewa ta tanada, waɗanda gonaki suka cinye da yawansu, maido da su aikin hukuma ne, kuma rashinsu yana cikin tushen rikicin da ya hana mu barci. Haka nan, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 tsadar rayuwa ta ƙaru, gidaje da yawa a birni sun koma ga icce da gawayi, kuma motocin da ke shigowa da su gari suna kwashe a mako guda abin da aka yi shekaru ana raino. Matar da ba ta da abin dafa tuwo ba za a hana ta icce da wa'azi ba. Kuɗin da aka kashe wajen sauƙaƙa gas ko samar da murhu mai cin icce kaɗan, kuɗin kare daji ne, ko da ba a rubuta shi da wannan suna a kasafi ba.

Wasu ƙasashe sun magance matsalar rashin tabbas ta hanyar ɗaure kuɗin da doka. Amurka ta kafa asusun kare ƙasa da ruwa da dokar 1964, ana zuba masa kuɗi daga harajin man da ake haƙowa a cikin teku, har dala miliyan 900 a shekara, bisa hujjar cewa arzikin da ke ƙarewa ya kamata ya bar wani arzikin da ba ya ƙarewa. Duk da haka shekaru da dama majalisarsu tana sakin ƙasa da wannan adadi, sai a 2020 aka yi dokar da ta wajabta sakin sa cikakke kowace shekara. Namu asusun ma daga kuɗin mai yake samun kaso mai yawa, kuma a wata-wata yake zuwa, wanda hakan ya dace ƙwarai da aikin raino. Abin da ya rasa shi ne katangar doka da hasken rana.

Majalisar dokokin jiha tana da ikon yin wannan katanga ba tare da jiran Abuja ba. Tana iya wajabta a ajiye kason muhalli a asusu na daban, a riƙa bayyana abin da ya shiga da abin da ya fita duk wata uku, a kuma karanta shi da Hausa a gidajen rediyo. Tana iya wajabta cewa duk kwangilar dashe a riƙe wani babban kaso na kuɗinta sai an ƙirga abin da ya rayu bayan rani na biyu. Tana iya ware wani kaso da ba za a taɓa shi ba sai domin kula da abin da aka riga aka gina ko aka dasa. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a biya ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara wa wannan magana nauyi, domin idan aka aiwatar da shi sosai, shugaban ƙaramar hukumar Zango ko Mashi ba shi da wanda zai ɗora wa laifin kason muhallin yankinsa.

Biyan manomi bisa bishiyar da ta rayu a gonarsa yana da nasa haɗarin, kuma gara a faɗe shi. Ana iya ƙirga bishiya ɗaya sau biyu, ana iya cika takarda da sunayen 'yan siyasa, ana iya barin mai ƙaramar gona a baya. Amma ƙirga bishiya mai rai ya fi sauƙin tantancewa a kan ƙirga dashen da aka ce an raba, musamman yanzu da wayar hannu take ɗaukar hoto da wurin da aka ɗauke shi, tauraron ɗan'adam kuma yana nuna gawo ɗaya-ɗaya a gona. Ga kuma dagatai da masu unguwanni na masarautun Katsina da Daura, waɗanda suka san gonar kowa da iyakarta, kuma za a iya sa su shaida a gaban jama'ar gari, kamar yadda suke shaidar cinikin gona.

Shekara shida aka yanka wa shirin ACReSAL tun daga farko, kuma mafi yawan waɗannan shekaru sun riga sun shuɗe. Duk gandun reno da rijiya mai aiki da hasken rana da magudana da filin dashe da aka samar a ƙarƙashinsa a Jihar Katsina zai wayi gari wata rana ba shi da kuɗin Bankin Duniya. Ɗan majalisar da ke wakiltar Daura ko Jibiya ko Dutsin-Ma zai iya neman a kawo masa jerin waɗannan wurare na mazaɓarsa tun yanzu, ya duba kasafin shekara mai zuwa ya ga ko akwai layin da aka rubuta albashin mai gadinsu da kuɗin gyaran famfonsu, ya kuma ƙi amincewa da sabon dashe a wurin da tsohon bai sami mai ba shi ruwa ba.